Tawada a Idon Hajara

"Na ce miki ba zan je ba! In kin ga dama ki ɗauki tulun nan ki fasa mini a ka, ba inda za ni."

Muryar Mamman kuku ce ta ratso bangon da ya raba ɗakinsa da na Mika akawu. Bangon bai ma kai rufi ba, ko tari aka yi a can sai an ji a nan. Mika ya ɗage yatsunsa daga kan tafireta.

"Ni ban ce ka je ba, Malam," in ji Dije matarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Cewa na yi abin yana gidan nan. Iyakar abin da na ce ke nan."

"Abin, abin! Tun da aka yi sadakar arba'in kike damuna da abin. Takarda ce fa. Magana za ta yi miki, ko ruwa za ta ɗebo miki? Wanda ya ba mu yarinya ya karɓi abarsa. Sai in tuɓe hula in tsaya gaban Bature in ce, ranka ya daɗe, matata na son hoto? Ke da ko sunanta ba ki taɓa kira ba tana da rai?"

Mika ya kasa kunne. Sai ƙarar murfin kwano da aka kifa a hankali.

"Da ina da bakin kira, da na kira," in ji Dije.

Mika ya dubi ambulan ɗin da ke gefen tafiretarsa. Abin da ake faɗa a kansa yana ciki, kwafi biyu, ya kuma san duk duniya babu na uku.

Wannan a ƙarshen daminar shekarar da za a ba da mulkin kai ne, a ɗakunan boyi na gidan wani likita Bature a unguwar Nassarawa ta Kano. Sunan likitan yana yi wa mutane nauyi a baki, don haka kowa Mai Lofe yake ce masa, saboda lofen tabar da ba ya rabuwa da bakinsa. A lokacin unguwar ta cika da gwanjo. Turawa na sayar da kujeru da fankoki, kafintoci na buga akwatuna a ƙarƙashin darbejiya, daga nesa kuma ana jin gangar 'yan makaranta masu koyon maci. Mai Lofe ma tafiya zai yi, ba dawowa. Abu ɗaya ya rage masa, wato takardar binciken da zai aika wa wata mujallar likitoci a Landan. Saboda ita ya ɗauko Mika daga ɗakin hayarsa na Sabon Gari ya ba shi ɗaki kusa da na kuku.

Mika Ɗanladi mutumin wani ƙauye ne a kudancin Zazzau. Ubansa manomi ne da ya kai shi makarantar mishan don ya rage bakin ci a gida. Can wata Baturiya ta ga rubutunsa ba ya hawa ba ya sauka, ta zaunar da shi gaban tsohuwar tafireta. Bayan yaƙin duniya ya zo Kano ya sami akawun asibiti. A ofis, akawunan Kudu na ce masa ɗan Arewa, suna yin shiru in ya shigo. A waje kuma masinjoji da direbobi na ce masa ɗan mishan, in ya roƙi ruwa akwai moɗar da ake ɗauko masa daban. Ya taɓa aure. Elisabatu ta zauna da shi 'yan shekaru ba haihuwa, ta ce za ta je ta gano uwarta, ba ta dawo ba, shi ma bai bi sawu ba. Abin da ya rage masa a duniya da zai nuna ya ce nasa ne shi ne shafi mai tsabta. Shafin Mika ba kankara, ba harafi bisa harafi, ba tabon yatsa. A kan wannan ba ya wasa da kowa.

Ita kuwa mujallar nan kamar don shi aka yi ta. Ta aiko da ƙa'idodinta, Mika ya haddace su kamar addu'a. A bar tazara tsakanin layi da layi, a bar fili mai faɗi ta hagu inda edita zai yi rubutu. A buga fuska ɗaya ta takarda kawai. Kowane jadawali da shafinsa. Sunayen littattafan da aka duba su zo a ƙarshe, bi da bi bisa haruffa. In ya yi kuskure ɗaya a layin ƙarshe, sai ya zare shafin da kabon ɗinsa ya sake daga sama, ba ya ko tsaki. Hotuna kuma ba a manna su cikin rubutu. A rubuta lamba a bayan kowanne da fensir mai laushi, a yi 'yar kibiya mai nuna sama, a yanke su su zo daidai da juna. Kada a ambaci sunan majinyaci, sai harafi da shekaru. In fuska ta fito, a rufe idanun da baƙar tawada don kada a gane mai ita. Komai kuma kwafi biyu.

Binciken a kan wani ciwo ne da ke kama yara a muƙamuƙi, ya kumbura fuska cikin 'yan watanni. Mai Lofe ya daɗe yana tara irin yaran nan daga ƙauyuka. Hoto na huɗu a cikinsu na 'yar kukunsa ne.

Hajara 'yar fari ce, an kuwa san yadda uwa take da 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta a wani ƙauye kusa da Bichi, can ta girma. Sai da kumatunta ya fara tashi, aka gaji da turare da rubutu, sannan aka kawo ta Kano wurin Baturen ubanta. Watannin nan na ciwo su ne kaɗai zaman da Dije ta yi da 'yarta. Ko a lokacin, "yarinyar nan" take cewa. Yarinyar nan ba ta ci ba. A ce wa yarinyar nan ta shigo daga rana. Ranar da Mai Lofe zai ɗauki hoto a barandar gidansa, yarinyar ta ƙi tsayawa, ya ce uwar ta riƙe ta. Dije ta yi turus, ta dubi mijinta, sannan ta kama hannun. Wanda ya san su bai taɓa ganin ta riƙe ta ba sai ran nan. Da yarinyar ta rasu, Dije ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yaba, suka ce kara ta kai kara.

Fim ɗin da aka wanke hotunan daga cikinsa ya sha laimar damina a cikin durowa, ya manne, ya yi funfuna. Mika ne da kansa ya zubar da shi a kwandon shara. Saura biyun nan da ke cikin ambulan.

Washegarin faɗan, da hantsi, bayan Mamman ya hau keke ya tafi cefane, Mika ya ji sallama. Dije ce. Ba ta tsaya a gaban ƙofa ba, ta raɓe a gefe, sai gefen mayafinta ake gani ta asabari.

"Malam Akawu, sannu da aiki."

"A'a, uwargida da kanta? Yau wace rana?"

"Fate ne. An ce ku mutanen Zazzau in kun kwana biyu ba ku sha ba sai ciwon kai."

"Sharrin Kanawa ne. Amma ajiye shi, kada ya yi fushi ya koma."

Ta turo kwanon ta ƙarƙashin asabarin. Mika ya lura ba tsohon kwanon nan mai tsaga ba ne da ake zuba masa abincin salla. Wannan daga jerenta ya fito, fentinsa ko ƙwarzane babu. Abin ya taɓa shi, ya kuma ɓata masa rai a lokaci guda. Ashe an san yana cin abinci a kwano mai kyau, sai da buƙata ta taso.

Ba ta tafi ba.

"Aikin ya kusa?"

"Ya kusa. Kafin jirgin Asabar."

"Har da su takardun nan masu mutane za a tafi?"

"Har da su."

"Ba a barin ko ɗaya."

Ba tambaya ta yi ba, ajiye maganar ta yi kamar yadda ta ajiye kwanon. Mika ya san amsar gaskiya, ya san kuma amsar da za ta sa ta ci gaba da tsayuwa a ƙofarsa da wannan murya. Ba a saba roƙonsa komai ba, daɗin abin ya hau masa kai.

"Bari in duba," ya ce.

"Allah ya saka da alheri. Allah ya ji ƙan mahaifa."

Ya shanye faten tas.

Da la'asar ya shiga babban gida da shafukan da ya gama. Mai Lofe na zaune a baranda tsakanin akwatuna, yana ware littattafan da zai ɗauka da waɗanda zai bari. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya sayi likkafanin yarinyar, ya ba Mamman hutu. Mika ya san in ya ce masa matar kuku na son hoto ɗaya, zai ɗaga kafaɗa ya ce a ba ta, ya rubuta wa edita layi guda na ban haƙuri. Ya shirya maganar tun daga ɗakinsa, ya ma juya ta da Turanci mai kyau.

"Ranka ya daɗe, game da hoto na huɗu."

"Me ya same shi? Ya lalace?" Mai Lofe ya ɗago kai da sauri, lofen na rawa a bakinsa.

A daidai nan Mamman ya fito da tiren shayi, ya durƙusa ya ajiye, ya ja da baya yana sunkuye. Mika ya dube shi, ya dubi kansa a tsaye da farar riga da doguwar safa, fensir a bayan kunne. Shekara da shekaru yana gina wannan tsayuwar. In ya buɗe baki ya isar da saƙon matar kuku, ya zama ɗan aiken ɗakunan boyi, ɗaya daga cikinsu, mai kawo koke. Ga kuma shafin ƙarshe da ke hannunsa, inda aka rubuta cewa marubucin yana godiya ga Mista Mika Ɗanladi saboda kulawarsa wajen shirya wannan takarda. Layin nan ya buga shi a ɓoye ya fi a ƙirga, don kawai ya ga yadda zai zauna. Za a karanta shi a Landan. Ana ta cewa kujerun da Turawa za su bari 'yan ƙasa za a ba, to wane akawu ne a Kano sunansa ya taɓa shiga mujalla? Kuma kulawa aka ce. Mai kulawa ba ya aika takarda da giɓi.

"Lafiyarsa lau, ranka ya daɗe. Tsawonsa ne ya ɗara na sauran."

"To, yanke shi mana. Kai ka san aikinka."

Da zai fita, Mamman ya tare shi a ƙofar kicin yana goge hannu.

"Akawu, na ga kwanona a ɗakinka. Ko ka fara karɓar haraji ne?"

"Sadaka aka yi wa maraya."

"Maraya mai gemu! To, ka ji ni da kyau." Ya rage murya. "In ta yi maka wata magana, kada ka biye mata. Sha'anin mata ne. In ta samu, kullum tana cikin ɗaki tana kallo, ba za ta warke ba." Ya juya kamar zai shiga, ya tsaya. "Ya fito da kyau kuwa? Hoton?"

"Ya fito."

Mamman ya gyaɗa kai, ya shige. Mika ya ji sanyi a ransa. Ga uban yarinya da bakinsa ya ce kada a bayar. Ya riƙe wannan maganar gam, ko da yake ya ga yadda hannun Mamman ya yi ta murza tsumman nan bayan hannun ya riga ya bushe.

Ranar Juma'a da safe ya share tebur, ya wanke hannu, ya jera rula da reza da kwalbar tawada. Ya fara da sauran yaran, waɗanda bai sani ba. Aikin ba wuya. A ɗora rula a saman gira a ja layi, a ɗora a ƙasan ido a ja wani, a cike tsakani, a bari ya bushe. Da ya zo kan na huɗu sai ya ajiye alƙalami.

Ciwon ya cinye kumatun hagu, ya ture hanci gefe, ya buɗe bakin har haƙora sun watse. A fuskar nan duka ba abin da ya rage na Hajara sai idanu. Manya ne, irin na uwarta sak, suna kallon mai ɗaukar hoton da mamaki, ba da tsoro ba. Akwai kwalli a cikinsu. Mika ya tuna safiyar. Ya ji ta bango Mamman na tambayar wa ya sa wa yarinya kwalli, Dije ta ce maganin ƙuda ne.

Ya fara da reza. Ƙasan hoton ne ya yi yawa, inda hannun babba ya riƙe wuyan hannun ƙarama. Ya haɗa kwafi biyun, ya danne da rula, ya ja sau ɗaya. Sannan ya tsoma alƙalami ya rufe idanun kwafi na farko.

Saura na biyu. A nan babu sauran abin fakewa, shi ma ya sani. Ya yi wa Mai Lofe aiki ya daɗe, bai taɓa ganin ya buɗe kwafi na biyu na komai ba. Zai iya zura hoton a aljihu, ya liƙe ambulan, kafin wani a Landan ya lura jirgi ya daɗe da tashi da likita. Ko an lura ma, wa zai tuhumi akawun da ke wata ƙasa? Ta bango yana jin Dije na tankaɗe, a hankali, irin na wanda kunnensa ke wani wuri. Ya zauna yana kallon idanun har tawadar bakin alƙalamin ta bushe. Abin da ya tsaya masa a rai ba tsoron kamu ba ne. Shi ne zai san cewa kunshin da ke ɗauke da sunansa bai cika ba, ko da duniya ba ta sani ba. Ya auna wannan da matar da ke bayan bango, ya ga wanda ya fi masa nauyi, bai kuma ji daɗin abin da ya gani ba.

Ya sake tsoma alƙalami. Layin na biyu ya fi na farko kyau.

Mai Lofe ya karɓi kunshin a tsaye. Ya bi kwafin farko shafi-shafi, ya ce madalla, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba ko a ƙasarsu. Na biyun ko ɗaga bangonsa bai yi ba. Ya sa hannu, ya miƙa wa Mika ya kai gidan waya. Mika ya hau keke ya kai, ya tsaya har ya ga an buga wa kan sarkin hatimi.

Bayan mulkin kai Mika ya zama babban akawu. Duk wanda ya iya tafireta a shekarun nan ya hau, har waɗanda yake gyara wa kuskure, ba wanda ya tambaye shi mujalla. Ko an buga takardar, ko ba a buga ba, bai taɓa sani ba. Mai Lofe bai rubuto ba. Mika ya yi shekaru duk sabon likitan da ya zo sai ya tambaye shi ko ya ga wata takarda a kan muƙamuƙin yara, daga baya ya daina. Mamman da Dije kuwa sun koma ƙauye tun makon da aka rufe gidan. Waɗanda suka san Mika da tsufansa a Giginyu sun san wani dattijo mai tsabta, mara yawan magana, wanda ke buga wa mutane takardun koke a ƙofar gidansa, in ka kawo masa takarda a lanƙwashe ya yi maka faɗa.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar Juma'ar nan, da ya dawo daga gidan waya, unguwa ta yi tsit, maza sun tafi masallaci. Ya tarar da 'yan yankakkun takardu a kan tebur. Ya ɗauki guda daga cikin biyun da reza ta fitar daga hoto na huɗu, siririya kamar yatsa biyu. Ya wanke kwanon Dije, ya goge shi ya bushe, ya sa ta a ciki ya rufe. Ya zagaya ya yi sallama a ƙofarta.

Ta fito da sauri har mayafinta na zamewa. Ta ga kwanon, ta ga yadda ya riƙe shi da hannu biyu, fuskarta ta canza. Ta karɓa, ta juya masa baya kaɗan, ta ɗaga murfin.

Hannunta ne, da sauran lalle a farce, ya kama wani siririn wuyan hannu mai warwaro ɗaya. Daga nan sai farin gefe. Ta daɗe tana kallo. Ta juya bayan takardar, ta sake juyowa, ta leƙa cikin kwanon ko akwai saura. Leɓenta ya motsa kamar mai shirin kiran wani, sauti bai fito ba.

"Fuskar fa, Malam Akawu?"

"Ta tafi."

"Duka biyun?"

Ashe ta san biyu ne. Bangon da ke kawo masa maganarsu yana kai musu tasa.

"Duka. Doka ce, sai an rufe idon da tawada. Ko na ba ki, ba abin da za ki gani."

"Wa ya rufe?"

Mika ya dubi kekensa, ya dubi darbejiyar da ke bakin shinge, ya dawo da ido kan 'yar takardar da ke hannunta. Ya nemi abin da zai ce, ya laluba ko'ina a cikinsa, abu ɗaya kawai ya samu.

"Ki dai duba yankan nan, uwargida," ya ce daga bakin ƙofa. "Ko kaɗan bai karkace ba."